Yaya Jatau da Tankin Murjani

A Tungar Nomau, can bakin kogin Kwara, akwai gidan wasu Sarkawa masunta da kowa ya sani, gidan marigayi Bawa Mai Taru. Mutum uku ya bari a duniya: matarsa Inna Marka, babban ɗansa Jatau, da autarsa Hanne. Jatau ya ba Hanne shekara goma sha huɗu, amma in hankali ake aunawa, wallahi ita ce babba nesa ba kusa ba. Jatau ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Ƙato ne da zai ɗauki jarka biyu cike da ruwa ya hau tudu yana waƙa. Ciwonsa guda ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. An taɓa ba shi igiyar jirgi aka ce ya riƙe kada ya saki. Ɗaurin ya kwance daga can jikin jirgin, jirgi ya bi ruwa yana kallo. Da masu shi suka dawo da la'asar suka tarar da shi tsaye riƙe da igiya, sai ya ce musu, "Ban saki ba." Tun daga ranar babu masuncin da ya ƙara yarda ya fita ruwa da shi.

Hanne kuwa ta yi makarantar koyon kiwon kifi, ta kuma yi shekara uku a Legas a wani shago da ke haɗa wa masu hali tankin gilashi na kifin teku. Mutanen Tunga ba su taɓa gane kan wannan aiki ba. Kifin da ba a ci, ba a banda, sai dai a zauna a zuba masa ido? Duk zuwan da ta yi gida sai matan bakin ruwa sun tsokane ta. "Malamar kifi, mun ajiye miki wurinki a bakin murhun banda, in kin gama yawon." Takan yi dariya a fuska, amma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Ana nan sai dama ta samu. Alhaji Mamuda Mai Dizal ya gina sabon otal a Kwantagora, ya ce sai an kafa masa tanki a zauren karɓar baƙi irin wanda ya gani a Jidda, da ruwan gishiri, da kifaye masu launi, da murjani mai rai. I, shi dai murjanin da mata ke sawa a wuya, a teku halitta ce da ke ci tana girma a jikin dutse. Manajan otal ɗin, wani mai suna Sabitu, ya so a kira wani kamfani daga Legas, amma Alhaji ya ba Hanne aikin, da sharaɗi.

"Yarinya, wata uku ya rage a buɗe otal ɗin nan. Ranar buɗewa ina so in ga teku a zauren nan. In ban gani ba, ki tattara ki koma ƙauyenku, in kira mazan Legas."

Wannan shi ne aikin farko da aka ba ta da sunanta. In ya lalace babu mai ƙara ba ta wani, kuma murhun banda yana nan yana jiranta. Tana cikin haɗa kaya sai Inna ta ce, "Ki tafi da yayanki."

"Haba Inna, don girman Allah!"

"Ba ruwa za a ɗauka ba? Wa ya fi shi ɗaukar ruwa? Ga shi nan kullum zaune yana kallon kogi. Kuma ki saurare ni da kyau, yayanki ne, ban yarda ki ɗaga masa murya ba."

Haka Hanne ta shiga mota da Jatau, ranta a ɓace tun daga tasha.

Wata rana, a satin farko, kaya suka iso: yashi fari, da bututai, da duwatsu, da buhu shida na gishirin teku, wanda sai an yi odarsa daga waje, don na miya kashe murjani yake yi. Hanne za ta fita neman mai haɗa famfo, sai ta tsaya ta yi wa Jatau bayani a hankali. "Yaya, duk abin da zai shiga tankin nan, komai ƙanƙantarsa, sai an wanke shi tas. Ba sabulu, ba omo, ruwa zalla. A yi ta wankewa har sai ruwan ya fita garau." Ya ce ya ji. Da ta dawo da azahar ta tarar da yashi a wanke fes, bututai a jere suna sheƙi, har ta fara sa masa albarka a zuci. Sai idonta ya faɗa kan buhuna shida, a ninke, babu komai a ciki. Jatau kuwa yana tsugune a bakin famfo da ƙaton kwando, yana goge zufa.

"Yaya, ina gishirin?"

"Hanne, an cuce ki. Gishirin nan duk datti ne. Ina wankewa yana tafiya, ina wankewa yana tafiya, ko cikin cokali bai rage ba."

Kai jama'a! Buhu shida! Duk ya bi kwata, ya ratsa ta gindin furannin da Alhaji ya sa aka dasa a ƙofar otal, kafin gari ya waye duk sun yi yaushi. Hanne ta buɗe baki, ta tuna Inna, ta rufe. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Sannu da aiki, Yaya," sannan ta zagaya bayan janareta ta yi ta dukan bango da tafin hannu. Sai da aka yi sati biyu kafin wani gishirin ya iso, kuma duk safiya sai Sabitu ya tsaya gaban tankin da babu komai ya tambaye ta ko tekun ta kusa cika.

Wata rana kifaye suka iso, daga Legas zuwa Abuja a jirgin sama, daga nan a mota, kowanne a ledarsa. Hanne tana da wani littafi da ta daɗe tana tsara zamansu a ciki, kamar mai raba ɗakuna a gidan haya. Masu haƙuri su ne za su fara shiga su kama wuri, mafaɗata sai daga ƙarshe, kuma kowa sai ya yi sati uku a ƙananan tankuna cikin sito, a ga ko yana da cuta. Akwai 'yan kore guda bakwai da ke yawo a garke, akwai wasu miji da mata ruwan lemo masu farin zane, akwai rawaya guda ɗaya mai jin kai, sannan ga wasu 'yan sirara guda uku masu tone yashi, su ne masu sharar tanki. To, mai sayarwar ya ƙara mata gyara, wani ja mai faɗin baki da ba ya cikin lissafinta. Ta daɗe tana kallonsa, ranta bai kwanta da shi ba.

"Me ya yi?" in ji Jatau.

"Ƙa'ida ce, Yaya. Duk kifin da zai shiga bakin wani, ba a haɗa su wuri ɗaya. Kafin jan nan ya shiga babban tanki, sai an tabbatar babu wanda zai shiga bakinsa."

Nufinta ta duba littattafanta ta kuma kira tsohon maigidanta na Legas ta tambaya. Ta fita waje inda waya ke kamawa, ko rabin awa ba ta yi ba. Tana dawowa Jatau ya tare ta a ƙofar sito, baki har kunne.

"Na tabbatar miki. Ba za su zauna tare ba."

"Ka tabbatar yaya?"

"Na sa masa ɗan siririn nan, ya shiga. Na ce ƙila dace ne, na sa na biyu, shi ma ya shiga. Na ukun ne ya ɗan ba shi wahala, amma ga wutsiyar can tana ƙarasawa."

Innalillahi! Hanne ta leƙa, ga ja kwance a ƙasan tanki, ciki ya yi tulu, wutsiyar mai sharar ƙarshe tana motsi a bakinsa. Idanunta suka kaɗa suka yi jajir. Ta ce, "Yaya Jatau," ta ƙara cewa, "Yaya Jatau," har sau uku, don in ba ta riƙe sunan ba wani abu ne zai fito. Shi kuwa ko a jikinsa, har yana tambaya ko a gwada 'yan koren su ma a huta gaba ɗaya. Ranar ta ɗauke ɗan makullin sito ta ɗaura a bakin zanenta.

Wata rana, bayan 'yan kore da miji da matan nan sun shiga babban tanki sun fara sakewa, Alhaji ya zo dubawa. Ya ga rawayan nan a sito ya burge shi, ya ce a ƙaro masa irinsa guda biyu. Hanne ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. Kifi masu kama ɗaya ba a haɗa su, faɗa za su yi ta yi har sai ɗaya ya mutu." Maganar rawaya take yi, kowa ya san maganar rawaya take yi, amma Jatau yana tsaye a bayanta da jarka a kafaɗa, kunnensa a buɗe. Washegari ta tafi tasha karɓo murjanin da aka aiko. Kafin ta dawo ya samo tsohon gidan sauro, ya nuna shi ɗan Bawa Mai Taru ne, ya kame 'yan koren nan da miji da matan tsaf, ya raba su ɗaya-ɗaya. Bokitin shara, bahon wanki, tukunyar kicin, kular ruwan sanyi, duk abin da ke riƙe ruwa a otal ɗin nan sai da ya samu baƙo. Ruwan tankin ya ɗiba ya cika su, har tankin ya koma rabi, injin tace ruwa yana ta tari.

Hanne ta shigo ta ga jerin bokitai tun daga ƙofa. "Yaya, mene ne wannan kuma?"

"Kamarsu ɗaya. Na raba su tun kafin su fara."

"Waɗannan a garke suke rayuwa! In ka ware ɗaya tsoro ne zai kashe shi! Su kuma waɗannan biyun miji da mata ne!"

"To ni dai na duba, ban ga bambanci ba."

Tana mayar da su tana ƙirgawa, ta samu 'yan kore shida. Ina na bakwai? Ba ta rufe baki ba sai ga ihu daga wajen masallacin otal. Ashe Alhaji ne ya zauna alwalar azahar, ya ɗauki butarsa, ya kurkure baki ya ji gishiri har ƙwaƙwalwa, ya buɗe murfi ya tuntsurar, sai ga ɗan kore yana tsalle a tafin hannunsa. Ya taso babbar riga na jan ƙasa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Hanne ta durƙusa tana ba da haƙuri, a gaban ma'aikata, a gaban Sabitu da ke ta danne dariya da hankici. 'Yan kore biyu ba su kai gobe ba. Da yamma ta kira Inna ta ce ita fa ta gaji, Inna ta ce, "Ki ƙara haƙuri, ai ba da mugunta yake yi ba," ta kashe wayarta.

Wata rana, saura kwana goma a buɗe otal, aka saka rawayan nan, shi ne na ƙarshe a lissafi. Yana shiga ya fara korar kowa. Hanne ta san za a yi haka na kwana biyu, tana tsaye tana nazarin yadda za ta gyara zaman duwatsun, sai ta yi magana ita kaɗai, ba da kowa take ba. "Da kowane kifi yana da ɗakin da zai shige ya ɓuya, da faɗan nan ya ƙare." Wallahi ita da kanta take magana! Amma ina, ya ji. Ta tafi kasuwa sayen ƙaramin bututu, shi kuma ya zagaya bolar kicin. Ya tsinto gwangwanaye takwas, na tumatir da na madara, masu tsatsa, ya wanke su tas, don bai manta da dokar wanki ba, ya jera su a kan murjani ɗaya bayan ɗaya. Kifi takwas, ɗaki takwas. Da ya ga sun ƙi shiga, sai ya zura hannu har kafaɗa yana kora kowa ɗakinsa, duwatsun da Hanne ta yi kwana huɗu tana ginawa suka rushe a kan murjanin.

Kamar haɗin baki, a daidai lokacin Alhaji ya shigo da wani abokinsa zai nuna masa teku. Hanne ta shigo a bayansu. Ruwa ya yi dagwalo, gwangwanin tumatir yana yawo, Jatau jiƙe sharkaf yana murmushi. Alhaji bai yi ihu ba wannan karon, kuma shirun ya fi ihun ciwo. Ya juya ya ce wa Sabitu, "Ka ajiye lambar mutanen Legas ɗin nan kusa." Suka fita.

Nan fa Hanne ta manta da Inna, ta manta da shekara goma sha huɗu.

"Kai wane irin mutum ne? Kai wane irin bala'i ne Allah ya haɗa ni da shi? Ƙarfe guba ne a ruwan nan, guba! Shekara uku ina goge gilashin wasu a Legas don in samu rana irin wannan, kai kuma ka zo kana rusa min ita da hannunka! So kake in koma bakin banda su yi min dariya? Wawa kawai! Ƙaton banza, wanda ko jirgi ba a ba shi riƙo!"

Jatau ya tsaya ruwa na ɗiga daga hannunsa. Murmushin ya tafi. Ya ce a hankali, "Ai abin da kika ce na yi, Auta."

"To daga yau kar ka ƙara taɓa komai nawa! Ka je bayan sito ka zauna!"

Ya je ya zauna a kan wani bulo. Ita kuma ta yi kwana uku tana canza ruwa ita kaɗai, tana jan jarka har bayanta ya riƙe. Murjani biyu suka yi fari fat suka mutu, sauran suka sha da ƙyar. Kullum in ta wuce ta bayan sito sai ta gan shi a kan bulon nan, hannuwa a kan gwiwa, sai ta ji kunya ta kama ta, sai kuma ta tuna gwangwanaye haushi ya dawo sabo. Sai ta wuce abinta.

Wata rana, ita ce ranar buɗe otal, tanki ya yi kyau har Hanne ta ji ƙwalla. Ruwa garau, murjani ya buɗe yana kaɗawa, 'yan kore biyar suna juyawa tare, miji da mata sun kama gefe guda, rawaya ya haƙura ya daina kora. Ta yi wanka ta sa atamfarta mai kyau. Da hantsi sai ga Sabitu da mutum biyu suna ɗauke da ƙatuwar kula.

"Ranka ya daɗe," in ji shi ga Alhaji, "mutanen Legas ne suka aiko da gaisuwa. Tankin nan duk 'yan firit ne a ciki. Manyan baƙi babban kifi suke so su gani."

Aka buɗe. Wani kifi ne kusan kamu guda, baƙi mai manyan fararen ɗigo a ciki, bakinsa rawaya, haƙora a waje kamar na gafiya. Kyau kam yana da shi. Hanne na ganinsa ta gane shi, don ta san irinsa sarai.

"Alhaji, don Allah kar a sa shi. Wannan murjani yake ci, dutse yake taunawa. Kafin la'asar ba zai bar komai da rai a tankin nan ba."

"Ke dai kullum kar a yi, kar a yi! Tankin nan nawa ne ko naki?"

"Naka ne, ranka ya daɗe, amma..."

"Yunwa ce ke sa wani ya ci wani. In ya ƙoshi me zai yi da 'yan tsakin nan naki?" Ya leƙa ta taga ya ƙwala kira. "Kai, ƙato! Zo nan! Ɗauki kifin nan ka ba shi abinci sai ya ƙoshi, sannan ka kawo ka zuba a tanki. Ke kuma kar in ƙara jin bakinki."

Jatau ya rungumi kula shi kaɗai ya yi bayan sito da ita. Hanne ta koma ta tsaya jikin tankinta. Wata uku na wahala, ga shi za a cinye a gaban idonta, kuma a gaban manyan gari, sannan gobe a ce 'yar Sarkawa ce ba ta iya ba. Ta ji kamar ta ɗauki jakarta ta kama hanyar tasha, amma ta kasa barin kifayen. Baƙi suka fara shigowa, suna tsayawa gaban gilashi suna salati. Ita kuwa idonta na kan ƙofar baya, tana jiran ta ga ƙaton nan ya shigo da ajalinta. Sha ɗaya ta yi, shiru. Sha biyu ta yi, shiru. Alhaji sai duba agogo yake yi yana harare-harare.

Can sai ga kuku ya fito da gudu daga kicin, hula a hannu, yana kururuwa. "Alhaji! Jatan landen walima! Wanda aka kawo daga Fatakwal! An kwashe!"

Alhaji ya yi bayan sito a fusace, baƙi suka dafa masa baya don ba a barin irin wannan kallo, Hanne ma ta bi. Ga Jatau tsugune gaban kula, ga tiren kicin a gefensa, ɓawon jatan lande ya cika ƙasa.

"Kai! Uban me kake yi tun safe? Ban ce ka zuba shi a tanki ba?"

"Ka ce sai ya ƙoshi, Alhaji. Bai ƙoshi ba."

"Bai ƙoshi ba?"

"Wallahi bai ƙoshi ba. Ya ci jatan lande, wanda bai haɗiye ba ya tattauna ya zubar. Na ba shi ƙaguwa ya fasa ta har ƙoƙon. Ya gutsure robar da ke ba shi iska. Ɗazu na miƙa masa cokali, dubi yadda ya yi da shi."

Alhaji ya sunkuya a kan kular zai gani da idonsa, yana huci. Carbinsa na jan murjani, wanda ba ya rabuwa da shi, yana rataye a hannunsa, sai bakin carbin ya taɓa ruwa. Kafin ka ce me, kifin ya taso ya cafke. Ji kake ƙaras! Zare ya tsinke, 'ya'yan carbi suka zube cikin kula, kifin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fasawa kamar mai cin gyaɗa. Alhaji ya ja da baya yana duba yatsunsa ko sun cika. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙaras, ƙaras.

Wani dattijo cikin baƙin ya gyara murya ya ce, "Alhaji Mamuda, ba dai wannan za a zuba cikin 'yan kifayen can masu kyau ba?"

Alhaji ya juya ya kalli Sabitu, kallon da ya sa Sabitu ya fara neman hanyar kicin. Sannan ya gyara babbar riga ya ce, "Wa? Wannan? Allah ya kiyaye! Ai tun da safe Malama Hanne ta hana. Ga ta nan, ita ta haɗa mana tekun nan da hannunta, 'yar Sarkawa ce, ta san aikinta." Dattijon ya ce yana da asibitin yara a Minna, ko Malama za ta ba shi lambarta. Hanne ta ba shi, sai da ta maimaita lambar sau biyu.

Jama'a suka koma zaure, kuku ya tafi yana ƙunƙuni, aka bar su su biyu. Jatau bai ɗago ya kalle ta ba. Ya ɗauki jatan lande na ƙarshe a tire yana juya shi a hannu.

"Ban taɓa naki ba, Auta. Wannan na Alhaji ne."

Hanne ta tsuguna kusa da shi da atamfarta mai kyau, a cikin ɓawon jatan lande. Ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo, ta rasa wanda za ta fara. Ta ce, "Yaya, ka yafe min abin da na faɗa maka."

"Na yafe. To in ci gaba? Har yanzu fa bai ƙoshi ba, kuma Alhaji ya ce in ya ƙoshi in zuba shi."

Ta share ido da bakin mayafi, ta kalli kifin, ta kalli yayanta, ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

"Ci gaba, Yaya. Kar ka kai shi tankin nan sai ranar da ya buɗe baki da kansa ya ce maka ya ƙoshi."

Jatau ya ce to, ya gyara tsuguno, ya miƙa wa kifin jatan landen.